Kaskon Guguwa

Tun da na dawo daga Madina ban huta da tambaya ba. A majalisarmu ta bakin kanti, a ofishin malamai, har a wurin zaman makoki sai wani ya matso ya ce, "Malam Sama'ila, yaya ƙasa mai tsarki?" Ina ba su dabino, ina tsiyaya musu zamzam a murfin gora, ina cewa alhamdu lillahi. Sai wani mai dogon baki ya fesa cewa wai kare na je saya, kuma tun daga ranar duk inda na zauna sai an tsokane ni. Wai mutane na zuwa Madina su dawo da carbi da darduma, ni na je cinikin kwikwiyo. Gaskiya ne, na je. Na gaji da ba da labarin gutsi-gutsi, kuma akwai inda in na zo a cikinsa muryata take ƙin fita, shi ya sa na ga gara in rubuta shi gaba ɗaya. Mai son dariya ya yi abarsa tun a farko, don can gaba babu wurinta.

Mahaifinmu, Malam Idi, mafarauci ne ɗan mafarauci. A ƙauyenmu da ke bayan Gwaram ba a cewa gidan Malam Idi, sai dai gidan karnuka. Mu 'ya'yansa biyu boko ta ɗauke mu. Ni ina koyar da lissafi a sakandare, Yaya Haruna kuma mai haɗa magunguna ne a wani asibiti a Madina. Da ƙodar Baba ta gaza, Yaya ya aiko aka kai masa shi, a kan cewa za a duba shi ne ya dawo kafin shuka. Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa, Baba yana can, wankin ƙoda ya ɗaure shi wuri ɗaya.

A cikin karnukansa ɗaya ce ta rage, wata ja mai farin ƙirji da yake kira Guguwa. Tun rasuwar Innarmu a bakin ƙofarsa take kwana. Ranar da zai tafi ya dafa kanta ya ce ta jira shi, ita kuwa ta ɗauki maganar da gaske. Kullum da la'asar sai ta je bakin hanya inda mota ta ɗauke shi, ta kwanta har a kira magariba. Da kaka ta yi, wata rana ba ta dawo ba. A can na same ta, tsufa ya gama aikinsa. Ni na haƙa mata rami a gindin tsamiyar bayan gida.

Yaya ya yanke hukunci ta waya cewa kada wanda ya gaya wa Baba. Gwaggo Hajara, ƙanwar Baba da ke riƙe da gidan, ta ci gaba da cika kaskon Guguwa da ruwa a bakin ƙofa. In an kira ta waya mai hoto Baba ya ce a nuna masa karyarsa, sai ta haska masa kaskon ta ce ai yanzu ta sha ta bi yara gona. Duk da haka Baba ya fara ture abinci. Magana ɗaya yake yi, a mai da shi gida, akwai mai jiransa. Yaya ya ce mini in dai aka mai da shi ƙauye, inda sai an yi tafiyar yini kafin a ga injin wankin ƙoda, to mu da kanmu muka haƙa masa kabari. In kuma ya ci gaba da ƙin abinci a can, sakamakon ɗaya ne. Dabarar da ta zo masa ita ce a samo wa Baba kwikwiyo a Madina, ko zuciyarsa ta sami abin kamawa. Ya ce in zo, tunda ni na fi shi daɗewa a cikin karnuka. Na yarda da dabarar nan da nan, kuma har na yaba masa.

Daga Gwaram zuwa Kano ba abin da ya faru sai taya da ta fashe mana a wajen Birnin Kudu, muka tsaya a rana direba yana zagin mai faci da ba ya wurin. A filin jirgi na haɗu da wata tsohuwa 'yar Damagaram da za ta umara. Kallo ɗaya ta yi mini ta yanke cewa ni ɗanta ne, ta rataya mini jakarta, kuma ban sauke ta ba sai a Madina. A jirgi ta tambaye ni abin da zai kai ni. Na ce duba mahaifina. Ta ce in ya rasu a can ya dace, a Baƙi'a za a sa shi kusa da sahabbai, ita ma abin da take roƙo ke nan. Kowa haka yake gaya mana a gida, kuma na san gaskiya ce, amma ranar ban so jin maganar ba. Na juya ina kallon taga har ta yi barci.

A filin jirgin Madina aka ɗauki hoton idona da zanen yatsuna ba gardama. Wurin masu duba kaya ne na sha kunya. Gwaggo ta cusa mini wani ƙulli a leda, garin saiwar da Baba yake barbaɗa wa 'yan kwikwiyo a abinci don su yi zuciya. Jami'in ya kwance, ya sansana, ya tambaye ni da Larabci. Larabcina na salla ne, bai kai wurin kare ba. Na gwada Turanci, ya girgiza kai. Da na ga layi ya yi tsawo a bayana, sai na nuna garin, na nuna baki, na yi haushi. Haushi sosai, sau biyu, ni malamin makaranta, a birnin Manzo. Jami'in ya daɗe yana kallona, ya kira abokinsa don shi ma ya gani, sannan suka jefa ƙullin a kwandon shara suka ce in wuce. Tsohuwar Damagaram ta karɓi jakarta ba ta ko yi mini sallama ba.

Yaya yana zaune a unguwar Bani Harisa, a wani bene mai gidaje da yawa a ciki. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne shiru. A gida in baƙo ya sauka, kafin ya cire takalmi maƙwabta sun cika zaure. A nan mutum zai shekara bai san sunan wanda bango ɗaya ya raba su ba. Ko'ina a rufe, na'urar sanyaya ɗaki tana ta gurnani, ba kaza, ba akuya, ba ƙasar da za ka taka. 'Ya'yan Yaya suka gaishe ni da ladabi, amma in na yi musu Hausa sai su amsa da Larabci, ni in yi ta gyaɗa kai kamar na gane. Da safe ana karyawa da wake da aka dama da man zaitun, a ci da wata faffaɗar gurasa mai zafi da suke kira tamis. Da rana shinkafa ce da nama a babban faranti. Abincin ba laifi, amma kwana kaɗan na fara mafarkin tuwon dawa.

Baba na ɗakin ƙarshe. Na san ya rame, an gaya mini, amma ba a gaya mini ya ƙanƙance ba. Mutumin da yake saɓo gada a kafaɗa tun daga dajin Farin Dutse, ga shi a kan gado, hannunsa duk tabon allura. An ajiye kujerarsa a bakin taga, tagar kuma bangon wani bene take kallo. Na durƙusa na gaishe shi. Bai tambaye ni hanya ba, bai tambayi iyalina ba.

"Guguwa fa?"

Na ce tana nan lafiya. Ya ce tana cin abinci? Na ce tana ci. Ya ce in na koma in duba ƙafarta ta baya, ƙaya na yawan shigar mata a nan. Na ce to. Na fito na shiga banɗaki na buɗe famfo don kada yara su ji ni.

Na yi ziyara, na yi salloli a Masallacin Manzo, na roƙi abin da na roƙa. Wannan ɓangaren kowa ya san shi, kuma waɗanda suka fi ni baki sun ba da labarinsa. Ranar da Yaya ya sami hutu muka kama hanyar gonar mai karnukan, can bayan gari inda gonakin dabino suke cikin baƙaƙen duwatsu. Wani abokin aikin Yaya ne ya yi mana kwatance, ya kuma gargaɗe mu cewa mutumin yana da wuyar sha'ani.

Ana kiransa Abu Majid. Baƙi ne kamar mu, dattijo mai furfura a gemu, cikin farar jallabiya. Ɗan ƙasa ne, a nan aka haifi ubansa, amma kakansa da ƙafa ya zo daga wajen Haɗeja, ya yi shekaru a hanya. Hausarsa irin ta tsofaffi ce, rabi kuma Larabci, in kalma ta ɓace masa sai ya kaɗa yatsa har ta dawo. Ya zaunar da mu a rumfa ya fara zuba mana gahawa a wani ɗan mitsitsin kofi. Duk sanda na shanye na miƙa, sai ya ƙara. Ni ina jin kunyar in ƙi, shi yana jin kunyar ya daina. Sai da zuciyata ta fara bugawa kamar ganga sannan Yaya ya raɗa mini cewa girgiza kofin ake yi in an ƙoshi.

Karnukansa irin na farautar Larabawa ne, saluƙi, dogaye, sirara, ka ce yunwa ce ta kama su alhali ƙoshi ne. Wurinsu a share, da inuwa, da ruwa mai sanyi, da filin da suke gudu in rana ta yi sanyi. Ya nuna mana uwar, wata mai launin ƙasa, kwance da 'ya'yanta da ba su daɗe da buɗe ido ba. Ya nuna mana uban. Ya ce ba ya barin karya ta haihu a kai a kai, sai ta huta ta murmure.

A wurinmu ba a sayen kwikwiyo. In karyar wani ta haihu, ka je ka ce kana so, ka kai goro ko 'yar kaza, da ya buɗe ido ka sa shi a aljihun riga ka tafi, a gida a yanke masa kunne da reza. Na ɗauka a nan ma haka ne, sai dai a biya kuɗi. Yaya ma har ya zo da kwali a bayan mota. Abu Majid ya kalli kwalin ya yi murmushi. Ya ce ba kwikwiyon da zai bar nan sai uwarsa ta yaye shi da kanta, an yi masa alluransa, likitan dabbobi ya sa masa wani ɗan abu a ƙarƙashin fata mai ɗauke da sunan mai shi. Da na ambaci yankan kunne sai ya ajiye butar gahawa ya ce in sake faɗa, bai ji da kyau ba. Ban sake ba. Labarin garin saiwar da aka zubar mini kuwa, cewa ya yi Allah ya saka wa jami'in da alheri.

Daga nan ya shiga yi mana tambayoyi kamar mun zo neman auren 'yarsa. A ina karen zai zauna? Yaya ya ce a gonar wani abokinsa, tunda ba a ajiye kare a bene, kuma mu ma ba za mu sa shi cikin ɗaki ba. Wa zai fita da shi ya yi gudu? Wa zai kai shi asibiti? Karen nan zai iya shekara goma sha, wa zai riƙe shi in mai shi ya gaza? Yaya, wanda ya saba shi ke yi wa mutane tambaya, ya fara gumi. A ƙarshe Abu Majid ya ce yana tambayar duk mai saye abu ɗaya: karen da kuka riƙe kafin wannan, ina yake?

Yaya ya kalle ni. Na ba shi labarin Guguwa tun daga farko, da bakin hanya, da kaskon Gwaggo. Ya saurara bai katse ni ba.

"Tayyib," ya ce. "To ba ku ne masu saye ba. Ni ba na ba da kare ta hannun ɗan aike. Ku kawo shaibar nan, dattijon, ya gani da idonsa. Amma ku sani, ya ahi, ɗan'uwana, ni ba zan fara maganar mutuwar karyar ba, in kuwa ya tambaye ni ba zan yi masa ƙarya ba."

A mota Yaya ya yi ta faɗa, wai mutum da kuɗinsa a tsaya ana yi masa wa'azi a kan kare. Ya ce akwai masu sayarwa ta waya, ka tura kuɗi a kawo maka har ƙofa. Na ce masa waɗannan ba su san uwar ba balle uba, kuma Baba kallo ɗaya zai yi ya gane. Ni dai mutumin ya shiga raina, ko da yake na ji tsoron sharaɗinsa.

Muka zaɓi washegarin wankin ƙoda, ranar da Baba yake ɗan samun ƙarfi. Muka ce masa za mu kai shi shan iska. A hanya kansa a jingine yake, idonsa a rufe. Muna tsayawa a bakin gonar, karnuka suka yi haushi daga ciki. Baba ya buɗe ido ya miƙe zaune. Kafin in fito da keken da muke tura shi har ya buɗe ƙofa da kansa.

Abin da na gani a ranar ba zan manta da shi ba. Abu Majid ya sunkuya ya sumbaci kan Baba yadda suke yi wa manya, ya kira shi Ammi, wato baffana. Baba ya tambaye shi mutanen ina ne, da ya ji Haɗeja sai ya ce ai ya yi farautar gwanki a fadamarsu yana saurayi. Cikin ɗan lokaci sun manta da mu. Suna maganar zomo, da yadda barewa ke karya gudu, da irin ƙasar da ke cin dagin kare. In Hausar Abu Majid ta ƙare sai su ƙarasa da hannu. Baba ya yi dariya har da tari. Yaya ya matse hannuna, ya ce rabon da ya ji wannan dariyar tun a gida.

Da muka je wurin uwar, Abu Majid ya ce mu tsaya nesa, ba ta son baƙi kusa da 'ya'yanta. Baba ya sa leɓe ya yi wani ɗan fito ƙasa-ƙasa, irin wanda na tashi ina ji kowace asuba. Karyar ta ɗaga kunne, ta taso, ta zo ta sansana gwiwarsa, ta ɗora haɓarta a kan cinyarsa. Abu Majid ya ce masha Allah, ya ƙara cewa masha Allah.

Baba bai yi gaggawar zaɓe ba. Ya daɗe yana kallonsu suna kokawa. Ya ƙyale mai ƙibar da ni na sa wa ido, ya nuna wata 'yar siririya da ta bar nono ta tafi bin wani ƙwaro a gefen katanga. Aka miƙo masa ita. Ya buɗe bakinta ya duba ganɗa, ya matsa dagi ɗaya bayan ɗaya, ya ɗaga ta da fatar ƙeya, ba ta yi kuka ba, sai kallonsa take. Abu Majid ya riƙe baki ya ce wallahi ita ya yi niyyar bar wa kansa, amma tunda Ammi ya gan ta, halas, shi ke nan, ta zama ta Ammi. Yaya ya kalle ni yana murmushi. Ni ma na ɗauka mun gama.

Baba ya kwantar da ita a cinyarsa yana shafa bayanta da babban yatsa. Bai ɗago ba ya ce, "Sama'ila, in an yaye ta, ka tafi da ita gida ka sa ta a ƙarƙashin Guguwa. Kwikwiyo ba ya koyon daji a hannun mutum. Babba ce ke koya masa."

Nan ne wautarmu ta bayyana gare ni. A gidanmu ba a taɓa kawo kwikwiyo don a yi wasa da shi ba. Duk wanda aka kawo, a ƙarƙashin tsohon kare ake sa shi, ya bi shi daji, ya ga inda ake tsayawa da inda ake kwanciya. Guguwa ma haka ta koya a wurin wadda ta gabace ta. Na san wannan tun ina yaro, Yaya ma ya sani. Mu biyu da karatunmu muka zauna muka ƙulla dabara, ba wanda ya tuna cewa duk ranar da aka ɗora wa Baba kwikwiyo a cinya, Guguwa zai fara nema.

Yaya ya buɗe baki zai ce to, za a kai. Baba bai kalle shi ba. Sai ya kalli Abu Majid, shi kuwa ya sunkuyar da kai yana kallon ƙasa. Baba ya daɗe yana kallonsa, sannan ya juyo gare ni.

"Yaushe?"

Na ce da kaka.

"A ina?"

Na ce a bakin hanya, inda mota ta ɗauke shi. Na so in ce a ɗaki, cikin barci, amma bakina ya ƙi. Ya tambaya ko an ja ta an yar a juji, na ce a'a, ni na rufe ta a gindin tsamiya. Ya ce Allah ya yi mini albarka. Hawaye na bin gemunsa yana sauka a bayan 'yar kwikwiyon, ita kuma tana ta lasar yatsansa. Ban taɓa ganin Baba yana kuka ba, ko ranar da aka fita da Inna.

Da ya natsu ya ce, "Kowa a gidan nan yana da wani. Hajara tana da jikokinta, ku kuna da iyalinku. Ita ce ba ta da kowa sai ni, kuma na ce mata ta jira."

Ya miƙa wa Abu Majid 'yar kwikwiyon da hannu biyu, ya ce a mai da ta wurin uwarta, shi ba shi da ƙafar da zai ba ta. Abu Majid ya karɓa, amma bai tafi ba. Ya tsuguna a gaban keken ya ce yana da wata tsohuwar karya da ta daina haihuwa, ita ke koya wa duk 'yan gidan. In Ammi ya yarda, a sa wannan a ƙarƙashinta, ta zauna a nan gonar, amma da sunan Ammi za a rubuta ta, kuma Ammi ne zai riƙa zuwa yana duba ko ana koya mata daidai. Ya ce ya tambaye mu wa zai riƙe ta in mai ita ya gaza, ba mu ba shi amsa ba, to ga amsar, shi zai riƙe. Baba ya ce a nuna masa tsohuwar. Aka kawo ta, ya duba haƙoranta da idonta, ya ce za ta iya. Yaya ya biya a ranar, kwalinsa kuma ya koma gida ba komai a ciki. Abu Majid ya tambayi sunan da za a sa mata. Na zaci Baba zai ce Guguwa. Ya ce a'a, wannan sunan ya tafi da mai shi, a kira ta Baƙuwa.

Da muka koma, matar Yaya ta kawo abinci tana ɗari-ɗari. Baba ya ci. Washegari ma ya ci, aka kai shi wankin ƙoda bai yi gardama ba. Duk mako ana kai shi gonar, ya zauna a rumfa yana kallon Baƙuwa tana bin tsohuwar, yana gyara wa Abu Majid kuskure. Har na baro Madina bai sake cewa a mai da shi gida ba, ko sau ɗaya. Abin da muka nema ke nan, mun kuma samu. Yaya ya ce alhamdu lillahi, ni ma na ce, amma ban taɓa ganin buƙata ta biya da ɗaci irin wannan ba. Da yana faɗa da mu a kan komawa, akwai abin da yake jira. Yanzu yana cin abinci ne don kada ya ba mu wahala.

Ranar da zan taho na shiga yi masa sallama. Yana kan kujerarsa a bakin taga. Ya ce in ba ɗan Gwaggo kwari da bakansa, gorar farautarsa kuma in ajiye ta, ƙahon da yake busawa in kai wa sarkin dawa. Ya ce in gaida mutanen gari, in nema masa gafarar duk wanda karnukansa suka taɓa cinye wa kaza. Na yi dariya don in ga ya yi, bai yi ba. Na tashi har na kai ƙofa ya kira ni.

"Ka ce wa Hajara ta huta da zuba ruwan nan. Ta wahala."

Dawowa ba ta da labari. Jirgi ya sauke mu a Kano, na kwana a gidan wani aboki, da safe na hau motar Gwaram. Da la'asar aka sauke ni a bakin hanyar ƙauyenmu, daidai wurin da Guguwa take kwanciya. Na ɗauki jakata na wuce da sauri.

Gwaggo tana bakin murhu da na yi sallama. Ta taso da murna tana tambaya yaya Yaya Idi, ya jikin, an samo kwikwiyon, yaushe likitoci suka ce zai dawo. Kaskon yana nan a bakin ƙofar Baba, cike da ruwa, ta canja shi da safe. Na ajiye jaka, na ɗauke shi na kai gindin tsamiya na zubar da ruwan, na kife shi a kan wurin. Da na juyo tana tsaye da muciya a hannu tana kallona. Ta koma bakin murhu ta zauna, ta ja mayafi ta rufe fuskarta, kuma har yau ba ta sake tambayata yaushe zai dawo ba.